KORONA, KWANTENA DA AMANAR ƊAN KASUWA



Godiya ta tabbata ga Allah mai ciyarwa ba a ciyar da Shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, shekaran jiya bayan sallar La'asar wani dattijo daga cikin mamuna, wanda ke da shago a Kantin Kwari, ya jira har mutane suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ina da tambaya, amma kunyarta nake ji." Na ce, "Alhaji, ai babu kunya a neman sani." Ya ce yana da bandir-bandir na shadda a sito, waɗanda ya sauke tun kafin kuɗin kwantena ya yi tashin gwauron zabi. Yanzu idan ya sayar a tsohon farashi, kuɗin da zai samu ba za su sake sayo masa ko kusa da abin da ya sayar ba. Idan kuma ya sayar a sabon farashi, zuciyarsa tana gaya masa ya ci haram. Ya ce, "To Malam, ina mafita?"

Wallahi tambayar ta burge ni, domin a wannan zamanin samun mutumin da riba za ta hana shi barci ba ƙaramin abu ba ne. Na ba shi amsa a taƙaice a wurin, amma na ga ya dace in faɗaɗa ta, saboda tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Mai sayarwa yana yin ta, mai saye ma yana yin ta, sai dai shi mai saye da zagi yake haɗa tasa. Kuma malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci yadda yake. Don haka mu fara da abin da ya faru.

KAYA MA SUNA DA ISNADI

Ɗaliban hadisi sun san isnadi: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga asali. Idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, sai a ce hadisin ya yanke. To haka kayan da muke amfani da su suke. Ɗauki rigar da ke jikinka. Wani ya noma audugar, wani ya kaɗa zaren, wani ya saƙa, wani ya rina, wani ya loda a kwantena, direba ya kai ta tashar jirgin ruwa a China, matuƙa suka yi fiye da wata guda a kan teku, aka sauke a Apapa, ejen ya yi fama da takardun kwastan, tirela ta kamo hanyar Kano, 'yan dako suka sauke a Kwari, ka saya, tela ya ɗinka. Mutum nawa ka sani a cikinsu? Wataƙila biyu, mai shago da tela.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Ibnu Khaldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa abincin yini ɗaya na mutum ɗaya ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, domin sai an shuka, an girbe, an niƙa, an dafa, kuma kowane mataki yana buƙatar kayan aikin maƙeri da masassaƙi da mai ginin tukwane. Shi kansa annoba ce ta ɗauke masa iyayensa biyu a Tunis yana matashi, don haka ya san abin da annoba take yi wa gari. Bahaushe ya taƙaice maganar da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bambancin zamaninmu shi ne isnadin ya yi tsawo ƙwarai. Kusan kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashen duniya ke saye da sayarwa a tsakaninsu ta teku suke tafiya. Kuma manyan kamfanoni sun daɗe da barin al'adar tara kaya a sito, sun koma tsarin kawo kaya daidai ranar da za a yi amfani da su, don su rage kuɗin ajiya. Tsarin yana da riba matuƙar hanya a buɗe take. Ranar da hanya ta rufe kuwa, babu abin da za a jingina da shi.

RANAR DA HANYA TA RUFE

Ranar 23 ga Janairu, 2020 aka kulle birnin Wuhan. Masana'antun China da suka tafi hutun sabuwar shekararsu ba su dawo aiki a kan lokaci ba. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. A ƙarshen watan aka kulle Legas da Ogun da Abuja, a watan Afrilu kulle ya iso mana Kano. Kowa yana tuna azumin wannan shekarar, babu tafsiri, babu tarawihi a masallaci, babu Juma'a. Saudiyya ta dakatar da Umra, Hajji kuma ba a bar kowa daga waje ya je ba, shekara biyu a jere.

A wannan lokacin kowace ƙasa kanta ta sani. A farkon Maris Indiya ta taƙaita fitar da wasu magunguna da sinadaransu, har da farasitamol, domin ita ma mafi yawan sinadaran daga China take sayo su. Vietnam ta dakatar da fitar da shinkafa na ɗan lokaci. Jiragen sama na fasinja suka tsaya, alhali kusan rabin kayan da ake aikawa ta sama a cikinsu ake loda su. Ranar 20 ga Afrilu farashin wani nau'in ɗanyen mai a Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, wato mai kaya ne yake biya a rabu da shi, saboda babu wurin ajiya. A can ɗin kuma aka ga manoma suna zubar da madara, a daidai lokacin da mutane ke layin karɓar abincin sadaka. Subhanallah! Ga abinci, ga mayunwaci, abin da ya yanke shi ne hanyar da ke tsakaninsu. A nan gida ma an ce motocin abinci ba sa cikin dokar hana tafiya tsakanin jihohi, amma duk mai kai tumatir kudu ya san abin da jinkirin shingen hanya yake yi wa kayan gwari.

Kamfanonin jiragen ruwa da suka ga ciniki ya tsaya sai suka soke tafiye-tafiye da yawa. Kwantenonin da suka kai kaya Amurka da Turai suka maƙale a can babu mai dawo da su. Ku riƙe wannan, domin nan ne tushen abin da ya biyo baya.

BUƊEWAR TA FI KULLEN WAHALA

Da yawanmu mun ɗauka da zarar an buɗe gari komai zai koma yadda yake. Ashe buɗewar ce za ta fi takura kasuwa. Dalili kuwa, duniya ba lokaci ɗaya ta buɗe ba. China ta koma aiki da wuri. Mutanen Amurka da Turai suna zaune a gida, ba tafiya, ba cin abinci a waje, ga kuɗin tallafi gwamnatocinsu sun ba su, sai suka juya kuɗin kan sayen kaya: kwamfuta, waya, kujeru, kekuna. Oda ta yi wa masana'antu ambaliya, amma kwantenonin da za a zuba kayan suna wani gefen duniya, tashoshin jiragen ruwa kuma ma'aikatansu sun ragu saboda ciwo da dokar ba da tazara.

Ku kwatanta da masallacin Juma'a mai ƙofa ɗaya. Idan mutane suna fita a hankali, ƙofar ta isa. Idan kowa ya tashi lokaci ɗaya, sai a cushe, na gaba bai fita ba, na baya yana turi. A watan Janairun 2022, jiragen da ke jiran layi don sauke kaya a tashoshin Los Angeles da Long Beach sun haura 100. Matsakaicin kuɗin ɗaukar kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyin teku, wanda bai kai dala 2,000 ba kafin korona, ya haura dala 10,000 a watan Satumban 2021. Da yake hanyar China zuwa Amurka ta fi kawo kuɗi, can masu jirage suka fi karkata, mu 'yan Afirka muka koma jiran ragowa.

Ana cikin haka, ranar 23 ga Maris, 2021, wani ƙaton jirgi mai suna Ever Given, tsawonsa mita 400, ya gitta a mashigar ruwa ta Suez. Kwana shida yana nan, jirage sama da 400 suka taru suna jira. Lokacin da muke karatu a Masar na taɓa tsayawa a bakin wannan mashigar a Isma'iliyya, na yi mamakin ƙanƙantar faɗinta a kan girman sunanta. Ta wannan ɗan siririn ruwan ne kusan kashi 12 cikin 100 na cinikin duniya yake wucewa a lokacin da jirgin ya gitta. Jirgin da zai zo Legas daga China ba lallai ne ya bi ta nan ba, amma jirage da kwantenoni jari ɗaya ne da duniya ke juyawa, idan suka maƙale a can sai su yi ƙaranci a nan.

Bayan nan tashar Yantian da ke kudancin China ta rage aiki makonni saboda ɓullar cutar. A watan Agustan 2021 aka rufe wani sashe na tashar Ningbo kusan mako biyu saboda ma'aikaci ɗaya ya kamu. Mutum ɗaya! Kamfanonin motoci a Jamus da Japan da Amurka suka riƙa tsayar da aiki saboda rashin 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki waɗanda ba su wuce girman farce ba, mafi ingancinsu kuma a Taiwan ake yin su. Sabuwar mota ta yi ƙaranci, sai ta hannu ta yi tsada a can, mu kuma da ta hannun muke hawa kun san sauran labarin. Sannan a 2022 aka kulle Shanghai, birni mai mutum kusan miliyan 25 kuma mai tashar kwantena mafi girma a duniya, wata biyu cur, sai ranar 1 ga Yuni aka buɗe. Ga yaƙin Rasha da Ukraine ya zo ya taɓa alkama da taki da man dizal.

Don haka, ɗan uwa mai saye, idan ɗan kasuwa ya ce maka kaya sun tashi daga sama, ba kullum ƙarya yake yi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

ABIN DA MUMINI ZAI GANI A CIKI

Abu na farko, hanya ni'ima ce, kuma ba mu gode mata. Duba Suratu Ƙuraish. A cikin ayoyi huɗu Allah Ya yi wa mutanen Makka gori da fatauci biyu, na hunturu zuwa Yaman da na bazara zuwa Sham, Ya haɗa ƙoshi da aminci a wuri ɗaya, sannan Ya nemi su bauta Masa saboda haka. Makka kwari ne da ba a noma, abincinta a bayan raƙuma yake zuwa. A Suratu Saba'i kuma Ya ba da labarin mutanen da Ya jera musu garuruwa kusa da juna a kan hanyar fataucinsu, suna tafiya dare da rana cikin aminci, suka raina wannan ni'imar, aka ɗaiɗaita su. Mu nawa ne muka taɓa yin Alhamdulillahi saboda tirela ta iso lafiya?

Abu na biyu, tawakkali ba ya kore tanadi. Annabi Yusuf (A.S) da aka gaya masa mafarkin sarki bai ce a zauna a jira ikon Allah ba. Ya tsara shekara bakwai na noma, ya ce a bar hatsin a zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan a ajiye saura, har Masar ta ciyar da maƙwabtanta a shekarun fari. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (S.A.W) yana ware wa iyalinsa abincin shekara. Manyan kamfanonin duniya yanzu suke komawa ga abin da kakanninmu masu rumbu suka sani. Ƙasar da ke da ƙasar noma irin tamu, amma maganinta da yadinta da alkamar burodinta sai sun tsallako teku, ya kamata shekarun korona su zame mata wa'azi. Kano da Kaduna sun taɓa cika da masaƙu, yau Kwari tana jiran jirgi.

Abu na uku, kulle ba baƙon abu ba ne a Musulunci, amma kulle yana zuwa da haƙƙi. A shekara ta 18 bayan Hijira Sayyidina Umar (R.A) ya nufi Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sargu, aka gaya masa annoba ta ɓarke, wadda aka sani da annobar Amwas. Ya yi shawara, ya yanke a koma. Abu Ubaida (R.A) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sai Abdurrahman bin Auf (R.A) ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take da kuma fita daga cikinsa. To amma wannan Umar ɗin, a daidai wannan zamanin, da fari ya afka wa Hijaz a shekarar da ake kira Ramada, rubuta wa gwamnoninsa ya yi su aiko da abinci, ayari ya riƙa shigowa Madina, aka kafa tukwane ana ciyar da mutanen karkara da yunwa ta koro. Ya haramta wa kansa nama da man shanu har launin jikinsa ya canza. Ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa ya ɗauka. Daga baya da aka buɗe Masar ya sa Amru bin Aas (R.A) ya sake haƙa tsohuwar mashigar da ta haɗa Nilu da Bahar Maliya, don hatsi ya riƙa isa Hijaz ta ruwa. Wato shugaban da ya rufe hanya don kare rai, wajibinsa ne ya buɗe wata don ciyar da ran. Duk wanda ya ga hotunan rumbunan tallafin korona da jama'a suka fasa a jihohi da dama a watan Oktoban 2020 ya san inda muka gaza. Ba ina halatta fasa rumbu ba ne, amma abincin da aka tara don mayunwaci ba a rumbu ya kamata watanni su same shi ba.

Akwai kuma ƙissar Sumama bin Usal (R.A), shugaban Yamama. Da ya musulunta sai ya hana alkamar Yamama zuwa Makka, har Ƙuraishawa suka galabaita, suka rubuto wa Annabi (S.A.W) suna roƙo da zumunci. Mutanen da suka kore shi daga garinsa ne fa, amma ya aika wa Sumama ya sakar musu hanya. Kwatanta wannan da yadda ƙasashe masu kuɗi suka saye allurar rigakafi fiye da buƙatarsu a 2021, Afirka tana jira.

TO MU KOMA GA TAMBAYAR ALHAJI

Ga abin da na fahimta daga maganganun malamai, Allah Shi ne mafi sani.

Sayar da tsohon kaya a farashin yau halal ne. Shari'a ba ta ƙayyade riba da wani adadi ba, kuma ba ta ɗaure ka da farashin da ka sayo ba. Farashi ya taɓa tashi a Madina, sahabbai suka nemi Annabi (S.A.W) ya yanka musu farashi, ya ƙi, ya nuna musu cewa Allah ne mai ƙuntatawa da yalwatawa, kuma ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da haƙƙin wani a wuyansa. Ɗan kasuwar da ya sayar a farashin da ba zai iya sake sayo kaya ba, jarinsa yake ci, gobe shagon zai rufe, yaran shagon su rasa aiki. Don haka Alhaji, sayar a farashin kasuwa, babu laifi a kanka. Idan ka sassauta wa mai ƙaramin ƙarfi, wannan ihsani ne, ladarsa tana wurin Allah.

Amma akwai abubuwa huɗu da suke mayar da wannan halal ɗin haram, kuma su ne suka yi yawa a kasuwanninmu.

Na ɗaya, ƙarya. Ka sayar a farashin da kake so, amma kada ka ce "wallahi haka na sayo" alhali ba haka ka sayo ba. Da zarar ka ambaci kuɗin da ka sayo, cinikin ya koma na amana, ƙarya a cikinsa ha'inci ce. Kuma mai tallata hajarsa da rantsuwar ƙarya yana cikin mutum ukun da hadisin Muslim ya ce Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama. Korona da dala da kwantena sun zama rigar da kowa yake fakewa a ciki, har mai sayar da abin da aka noma a bayan gari jiya.

Na biyu, ɓoye kaya. Wannan shi ne ihtikari, kuma hadisin Ma'amar bin Abdullahi a Sahihu Muslim ya siffanta mai yin sa da mai saɓo. Siffarsa ita ce mutum ya bi kasuwa ya saye abin da jama'a ke buƙata a lokacin ƙunci, ya kulle a sito, yana jiran wahala ta ƙaru don farashi ya ƙaru. A mazhabar Malikiyya abin bai tsaya kan abinci kaɗai ba, duk abin da ɓoye shi zai cutar da mutane ya shiga, don haka magani da taki da man fetur suna ciki. Wannan daban yake da manomin da ya ajiye amfanin gonarsa, ko wanda ya saya lokacin kaka kasuwa tana cike. Amma ko su, idan mutane suka shiga halin larura babu abinci sai a wurinsu, Imamun Nawawi ya hakaito haɗuwar malamai a kan cewa za a tilasta su sayar. Bambancin Annabi Yusuf da mai ihtikari a nan yake: shi ya tara lokacin yalwa don ya fitar lokacin tsanani, wannan kuwa yana tarawa lokacin tsanani don ya ƙara tsananin. Ka tambayi zuciyarka, idan ka ji labarin jirgi ya iso kaya za su sauko, daɗi kake ji ko baƙin ciki? Amsar ita ce fatawarka.

Na uku, haɗa baki. 'Yan kasuwa su zauna a ƙungiya su yanke cewa babu mai sayarwa ƙasa da kaza, wanda ya saɓa a ci shi tara. Wannan ba tashin farashin da Annabi (S.A.W) ya ƙi sa wa hannu ba ne, wannan na mutane ne. Ibnu Taimiyya a littafinsa na Hisba da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim sun bayyana cewa a irin wannan hali hukuma tana da ikon tilasta farashin adalci.

Na huɗu, tauye mudu. Farashi yana nan, amma an bubbuge gindin kwano, burodi ya rame, yadi biyar ya koma huɗu da rabi, an zuba na China a kwalin na Jamus. Gara ka ƙara kuɗi a fili da ka rage kaya a ɓoye. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye awo, kuma al'ummar Annabi Shu'aibu (A.S) da wannan laifin aka halaka su bayan shirka.

Sannan ina ƙara wa 'yan kasuwa wata tambaya. A 2022 kuɗin jirgi ya fara sauka daga inda ya kai a 2021. Ranar da aka ce ya tashi, kafin Azahar kun canza farashi. Ranar da saukin ya iso hannunku, za ku sauke da irin wannan saurin? Na san canjin dala da kuɗin dizal suna cinye wani sashe na saukin, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya rage bayan haka, wa zai ci?

MU MA MASU SAYE DA NAMU

Kada mu mayar da kowane ɗan kasuwa azzalumi. Na san waɗanda kayansu suka yi watanni a hanya, kuɗin mutane a kansu, kuɗin ajiyar tasha yana hawa kullum, har hawan jini ya kama su. Idan kana bin irin wannan bashi, Alƙur'ani a ƙarshen Suratul Baƙara ya umarce ka da ka jira shi har ya samu sauƙi, ya kuma nuna maka yafewa ta fi. Idan kun yi alkawarin kaya jirgi ya makara, ku zauna ku yi sulhu ku raba asarar, kada a ɗora wa mutum ɗaya abin da ba shi ya jawo ba.

Mai kuɗin da ya ji za a yi kulle ya je ya kwashe buhu ashirin alhali biyu sun ishe shi, shi ma ya taimaka wajen tsadar da yake zagi. Annabi (S.A.W) ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan abincinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Ba sai gwamnati ta zo ba kafin layinku ya yi haka.

Kuma mu tuna da mutanen tsakiyar isnadin nan da ba a ganin su. A watan Satumban 2020 an ƙiyasta ma'aikatan jiragen ruwa kusan 400,000 ne suka maƙale a teku, kwangilarsu ta ƙare amma babu ƙasar da za ta bari su sauka, wasu sun haura shekara ba su ga iyalinsu ba. Da yawansu 'yan Filifin ne da Indiya da Indonesiya. Shinkafar da muka ci da maganin da muka sha a kulle, da wahalarsu suka iso. Na kusa da mu kuma su ne direban tirela da yaron mota da ɗan dako, wanda in bai fita yau ba gidansa ba a ɗora tukunya. Idan ka ƙara kuɗin kayanka saboda zamani ya canza, ka ƙara kuɗin dakonsa, shi ma a wannan kasuwar yake awo.

Alhajin nan da na gama yi masa bayani ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, to zan sayar a farashin yau, amma telolin da suka daɗe suna ɗaukar kaya a wurina zan bar musu a tsakiya, kuma ba zan rantse wa kowa ba." Na ce, "Alhaji, Allah Ya yi wa dukiyarka albarka." Abin da nake roƙon kowane ɗan kasuwa da ya karanta wannan ke nan, ya shiga sitonsa yau ya duba abin da ke ciki, ya tambayi kansa me yake jira.

A 2022 Allah Ya sake buɗe wa alhazanmu hanya bayan shekara biyu. Muna roƙon Sa Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya. Ya Allah Ka ɗauke mana annoba da tsada da fitina. Ka amintar da hanyoyinmu na tudu da na ruwa. Ka ji ƙan waɗanda muka rasa a wannan annoba. Ka wadatar da mu da halal ɗinKa, Ka tsare mu daga cin haƙƙin bayinKa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, ina neman gafararSa.